Gilashi Biyu a Tagar Inna

A Argungu har yau akwai tsofaffin da ke cewa ni na ɗauke Inna daga ɗakinta na kai ta Birnin Kebbi ta mutu a gidan haya. Na san kun ji wannan magana, domin ba a ɓoye ta, ko a gidan biki faɗinta ake yi. Ban taɓa ba ku amsa ba, saboda a lokacin kuna ƙanana, kuma wanda maganar ta shafa yana da rai. Yanzu ƙasa ta rufe shi, ni ma rana ta yi mini nisa, don haka ku natsu ku ji yadda abin ya faru. Gaskiya ne ni na ɗauke ta. Abin da ba a gaya muku ba shi ne daga cikin me na ɗauke ta.

Inna kakarku sunanta Kulu, amma in ba ƙannenta ba ban taɓa jin mai kiranta da shi ba. Idonta ya tafi tun ina makarantar horon malamai. Yanar ido ce ta fara rufe shi, aka yi na gida aka yi na asibiti, abin ya ƙare a duhu. Amma baƙon da ya shigo gidanmu ba zai ce makauniya ce ba, domin kunnenta ya zame mata ido. Tana zaune kan tabarma a bakin ƙofar ɗakinta za ta gane wanda ya shigo zaure tun bai yi sallama ba, daga yadda takalminsa ke jan ƙasa. Ta san turmin kowace mace a gidan. In dakan wata ya yi sanyi sai ta ce a duba wance, ba ta da lafiya, kuma in an duba haka ne. In tukunya ta kusa kamawa ita ce mai fara cewa ruwa ya tsotse. Yara suna faɗa a bayan rumbu, za ta kira wanda ya fara tsokana da sunansa. Da kunne take riƙe da gidan nan, kuma babu wanda ya taɓa ƙin hukuncinta.

Mu biyu ne maza a wurinta, Yaya Garba da ni. Shi ne ɗan fari. Ku 'yan yanzu ba ku san nauyin wannan ba. A zamaninsu mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta zama hira da shi, ba ta neman abu a hannunsa baki da baki. Inna ta riƙe wannan kunya fiye da duk macen da na sani. In za ta ambace shi sai ta ce mai gidan ga. In ya zo gaishe ta da safe, kanta a sunkuye take amsawa, a taƙaice, har ya tashi. Ni kuwa auta ne, Umaru, ita take ce mini Sanda, kuma ni ne bakinta. Abin da ke ranta ni take gaya wa. Ba zan ci haƙƙin Yaya Garba ba. Da Baba ya rasu shi ya riƙe gidan, shi ya noma fadamarmu, shi ya bar ni na yi karatu alhali yana bukatar hannu a gona. Wannan na faɗa a gabansa, ina kuma faɗa a bayansa.

Shekarar da nake ba ku labari, Sakkwato ce babban birninmu, Birnin Kebbi kuwa gari ne mai kwana da wuri, inda nake koyarwa a firamare. A lokacin ne gwamnati ta hana shigo da shinkafar waje, sai ta gida ta yi daraja. Daga Augie har Zauro kowa ya faɗa fadama. Turmi ya kasa, sai injin casa ya shigo. Yaya Garba mutum ne mai ido a kan abin da ke tafe, ya sayar da shanun noma ya sayo inji mai shan dizal. Yana da fili a bayan gari, kan hanyar Augie, inda ba zai dami kowa ba sai ƙadangaru. Ya ce can ɓarayi za su kwance masa shi, kuma matan gari ba za su aika da shinkafarsu nesa ba. Sai ya rushe garken awakin da ke jikin gidan ya kafa injin a wurin. Garken nan bango ɗaya ne ya raba shi da ɗakin Inna.

Ban san an yi ba sai da na zo hutun ƙarshen wata. Tun daga bakin layinmu na fara jin sa. Ba ƙara ɗaya ba ce. Akwai bugun injin kansa mai dukan ƙirji, akwai kukan bel ɗin da ke juya shi, akwai ƙarfe yana cin shinkafa kamar ana jan kwano a kan dutse. Ƙurar ɓuntun shinkafa ta rufe ganyen darbejiyar ƙofar gida. Na shiga tsakar gida na tarar da mata suna magana da ihu da nuni da hannu. Na leƙa randa, ruwan ciki yana rawa. Tabarmar Inna ba ta bakin ƙofa. Na same ta a ƙuryar ɗaki kan gado, ta ɗaure kunnuwanta da ɗankwali kamar mai ciwon haƙori. Na yi sallama, na sake yi, ba ta motsa ba. Da na taɓa ƙafarta sai ta zabura ta janye jiki.

"Wane na?"

Tun da Allah ya halicce ni ban taɓa jin Inna ta tambayi wane ne ba.

"Ni na, Inna. Sanda."

Ta laluba ta kama hannuna, ta riƙe shi da ƙarfi. Sai da na kai kunnena kusa da bakinta na ji abin da take cewa.

"Ashe ka iso ban jiya ba. Yanzu ba ni jin kowa, Sanda. Da can makanta guda gare ni, yanzu sun zama biyu."

Na fita na sami Yaya Garba a gindin injin, ya yi fari fat da ƙura har gira, yana ta fara'a, mutane sun yi layi da buhuna da jakuna. Na ja shi muka fita bakin titi inda za mu ji juna. Na gaya masa halin da na sami Inna. Ya saurare ni har na gama, yana goge hannu da tsumma.

"Ita tac ce maka ya dame ta? Ni ba ta hwaɗa min komi ba."

"Yaya, kai ka san ba ta hwaɗa maka."

"To abin da uwa ba ta ce ba, ɗa ba shi sa mata shi ga baki. Kai kana Birni kana cin alli, mu muna nan muna cin ƙura. Tuwon da tac ci jiya injin ga yak kawo shi."

Da na ga ba zan iya da shi ni kaɗai ba, sai na tafi wurin Kawu Manu, ƙanen Inna, wanda duk dangi ke jin maganarsa. Ya tara dattawa biyu na unguwa, aka sa Yaya Garba ya kashe injin, muka shiga ɗakin Inna gaba ɗaya. A nan aka yi kuskuren da ya yanke mini ƙafa, domin a gaban Yaya Garba Kawu ya tambaye ta. Ya ce, Yaya Kulu, ki faɗi tsakaninki da Allah, injin nan yana cutar da ke? Na ga yatsunta suna murza bakin zane. Ta sunkuyar da kai har haɓarta ta taɓa ƙirji.

"Halalinai yaka nema. Allah shi yi mishi albarka."

Dattawa suka dube ni irin duban da ake yi wa yaro mai haɗa husuma. Ɗaya ya ce to Malam ka ji da kunnenka. Aka shafa fatiha aka watse, kafin su kai ƙofar gida injin ya tashi. Da na koma wurinta raina a ɓace, na ce Inna don me kika yi mini haka, sai ta ce:

"Bakin uwa wuta na, Sanda. In nac ce ya cuce ni, arzikinai yal lalace, wa ad da zunubi? Bari in ɗauka."

Na koma Birnin Kebbi da wannan a zuciyata. A gidan da muke haya a unguwar Badariya, ni da uwarku Hajara, akwai maƙwabcinmu Malam Yohanna, mutumin ƙasar Filato, Kirista, kafinta ne kuma yana sa gilashi a gine-ginen gwamnati. Mutum ne mai sanyin magana, mukan zauna da yamma a dakalin ƙofar gida. Ya ga ba na cin abinci kamar da, ya tambaye ni, na gaya masa. Sai ya ce a Sakkwato ya taɓa aiki da wasu Turawa da suka gina ɗakin ɗaukar murya. A can ya ga ana sa gilashi biyu masu kauri a taga ɗaya, a bar sarari kamar faɗin tafin hannu a tsakaninsu, a liƙe gefe da roba yadda ko iska ba za ta ratsa ba. Ya ce ƙara in ta huda na farko sai ta gaji a cikin sararin nan kafin ta kai ga na biyu. Ya tambayi irin ginin ɗakin, na ce soro ne na ƙasa mai kaurin bango. Ya ce wannan ya taimaka, ta taga da ƙofa ɓarnar take shiga. Amma ya ƙara da wata magana.

"Malam, sai dai ka sani gilashi ba ya zaɓe. Bai san muryar inji ba, bai san ta jika ba. Abin da ya hana, ya hana duka. Kuma iska ba za ta shiga ba."

Na ji shi sarai. Amma wace dabara ta rage mini? Dangi sun yanke hukunci, Inna ta rufe bakinta, mai inji ya ƙi. Da hutun makaranta ya zo muka je Sakkwato muka sayo gilashin, muka naɗe shi da barguna, muka ɗora a bayan akori-kura, ni da Malam Yohanna muna riƙe da shi kamar masu rakiyar mara lafiya har Argungu. Ya gyara tagogin ɗakin guda biyu, ya yi musu katako sabo, ya sa gilashin ciki da na waje. Ya cire tsohuwar ƙofar kwano ya sa ta katako mai nauyi, ya bi gefenta da robar tayar mota. Yaya Garba da fari dariya yake yi mana. Da ya ga mutane suna zuwa kallo sai ya shiga gaya musu cewa mun yi wa Inna ɗakin Turawa. Mun yi, in ji shi.

Ranar da aka gama, na zaunar da Inna a kan gado na tura ƙofar. Ƙarar nan ta faɗi kamar an jefa ta rijiya. Ba ta mutu duka ba, ƙasa tana ɗan rawa a tafin ƙafa, amma abin da ya rage bai wuce kukan zuma a cikin tulu ba. Inna ta ɗaga hannu a hankali ta kwance ɗankwalin kunnenta. Ta juya kai dama, ta juya hagu. Ta ɗauki carbinta ta ja, muka ji ƙwayoyin suna haɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Hawaye suka zubo mata. Ta ce a kira mata mai aikin, ta sa masa albarka har ya rasa inda zai sa kansa. Na koma Birnin Kebbi ina ganin na yi nasara.

Sanyi ne ya rufa mana asiri. Da bazara ta shigo sai gaskiya ta fito. Kun san zafin Argungu kafin ruwa ya sauka, lokacin da ko a inuwa mutum yana jin kamar ana gasa shi. Ɗakin da iska ba ta shiga ya zama tanda. In ta buɗe ƙofa inji ya cika mata kai, in ta rufe gumi ya jiƙa ta har katifa. Wutar lantarki a unguwarmu baƙuwa ce, ta leƙo ta koma, fankar da na kai mata ta zama abin rataye ɗankwali. Amma zafin ma ba shi ne babba ba. Da can yara shiga suke yi suna fita a ɗakinta kamar kaji, yanzu an ce musu kada su riƙa buɗe ƙofar Inna, sai suka daina zuwa. Matan Yaya Garba ba mugaye ba ne, aiki ne ya yi musu yawa, ga turara shinkafa ga shanya. Sai su miƙa mata abinci su ja ƙofa, kowa yana ganin hutu ake ba ta. Wata rana da tsakar rana ta so fita bayan gida. Ƙofar ta yi mata nauyi, robar ta kama saboda zafi. Ta yi kira, ta yi kira, ta buga da hannu, mutane suna tsakar gida taku kaɗan daga wurinta, babu wanda ya ji. Sai bayan la'asar aka same ta kwance a bayan ƙofa, ta ɓata zanenta. Matar da ta aurar da 'ya'ya da jikoki, ƙananan yara suka gan ta a haka.

Kawu Manu ne ya aiko mini. Da na zo na same ta ta rame, muryarta ta dushe.

"Sanda, na san don Allah kay yi. Amma ɗakin ga kabari na. Ba ni jin kiran salla, ban san azahar da la'asar ba, sallata ta rikice. Ba ni jin ɗiyan gida. In na buɗe, inji shi cinye min kai. In na ruhe, in zama gawa mai lumfashi."

Na sake komawa wurin Yaya Garba. Wannan karon durƙusa masa na yi a gaban masu kawo casa, ni da nake malami ana gaishe ni a hanya. Na ce ya mai da injin filinsa na bayan gari, ni zan nemo mai gadi, zan zo in kwana a can duk hutu. Ya ce a'a. Na ce to ya riƙa kashe shi daga azahar zuwa la'asar, ta buɗe ƙofa ta sha iska. Ya nuna mini layin jakunan da suka taso tun daga Augie.

"In ce ma waɗanga su koma? Ba kai kac ce gilashi magani na ba? Ka kawo baƙo ya huda muna bango, mun ƙyale ka. Yanzu kuma mi kaka so?"

A ranar na yanke shawara. Na shiga na zauna a gefen gadonta, na ce Inna ko za ki biyo ni Birni. Ta ce a ɗakin nan aka kawo ta amarya, a nan ta haife mu, a nan Baba ya bar ta, kuma ta san kowane rami da tudu na gidan da tafin ƙafarta. Na ce na sani. Can ta ɗago kai.

"Can akwai inji?"

"Babu, Inna."

"To ɗauko min butata da carbi."

Da hantsi muka fita. Babu wanda ya tilasta ta, babu wanda ya ɗauke ta a ɓoye, duk unguwa ta gani. Yaya Garba bai kashe injin ba. Yana tsaye a bakin zaure ya harɗe hannu. Da muka zo daidai shi na matsa hannunta don ta san yana nan. Ta tsaya, ta juya fuskarta gefe kamar yadda ta saba, ta ce a gaya wa mai gidan ga ta tafi, Allah ya tsare shi da iyalinsa. Ni da ke riƙe da ita na ji. Shi bai ji ba.

A Badariya babu inji, amma babu gidanta. Ɗaki biyu ne da tsakar gida na siminti da muke rabawa da wasu masu haya. Muryoyin baƙi ne, wasu ma da yarensu suke magana. Uwarku, Allah ya jiƙanta, ta yi mata abin da 'yar cikinta ba za ta wuce ba, ga ta da juna biyu. Matar Malam Yohanna kullum sai ta leƙo da kunu ta ce sannu Mama. Inna tana godiya, amma na ga ba ta sake ba. Kuma ashe kunnen ya riga ya taɓu. Muna zaune shiru sai ta ce a je a ce su kashe shi hakanan. In na ce Inna babu inji a nan, sai ta dafe kai ta ce to ya biyo ta, yana ciki. Duk da haka ta fara dawowa kaɗan kaɗan. Wata safiya uwarku ta wuce da bokiti, Inna ta yi murmushi ta ce wannan tafiyar Hajara ce, ta yi nauyi, haihuwa ta kusa. Ranar na ci abinci har na nemi ƙari.

Damina ce ta kawo ƙarshen abin. An yi ruwa da safe, ina makaranta, uwarku ta shiga wanka. Inna ba ta son a riƙa jan ta kamar akuya, ta ɗauki butarta za ta yi alwala da kanta, kamar yadda ta yi shekara da shekaru a gidanta. A gidanta babu matakala a bakin ƙofa. A nan akwai, ga siminti ya jiƙe. Ta faɗi a kan ƙugunta, ƙashi ya karye. Aka kai asibiti, aka kawo mai ɗori, ƙashin tsufa ya ƙi kamawa. Ta kwanta ba ta sake tashi ba. Yaya Garba ya zo dubiya sau ɗaya, ya zauna a bakin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe fuska, ya yi addu'a ya koma saboda aiki na jiransa. Kafin a fara yankan shinkafa Allah ya karɓi abinsa. Ba ta riski jaririn da ta ji tafiyarsa a jikin uwarsa ba.

A Birnin Kebbi muka binne ta, aka yi zaman makoki a Argungu. A nan na fara jin maganar. Ana gaishe ni ana kau da kai. Wata gwaggonmu ta faɗa da ƙarfi don in ji, wai tsohuwa tana zaune lafiya a ɗakinta, an yi mata har da gilashi, ɗan boko ya zo ya kwashe ta ya kai ta inda za ta karye. Yaya Garba yana wurin. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta kashe maganar. Ya sunkuyar da kai yana jan carbi. An kashe injin saboda masu zuwa gaisuwa, gidan ya yi shiru irin wanda Inna ta roƙa ba ta samu ba. Ranar sadakar uku, ana shafa fatiha, mutane ba su gama sa takalma ba, na ji ya tashi.

Bayan kwana arba'in na koma don in kwaso 'yan kayanta a raba wa mabukata. Na tarar da ƙofar ɗakin a rufe. Na tura. Iska mai sanyi ta bugi fuskata. An yi wa ɗakin farar ƙasa, an shimfiɗa darduma. Fankar da na sayo wa Inna tana juyawa, domin an jawo waya daga wani ƙaramin janareta da aka haɗa a rumfar injin, abin da ba a taɓa tunanin yi ba tana ciki. Yaya Garba yana kishingiɗe a kan gadonta, ya cire hula.

"Shigo ka ruhe ƙohwa, Sanda, ƙara na shigowa."

Na rufe. Na tsaya ina dubansa.

"Wallahi mutumin ga naka ya iya aiki," in ji shi. "Nan kaɗai nika samu in huta. Abin ga yana sa min ciwon kai, wata rana har ji nikai kamar kaina zai tsage."

Ashe ya sani. Ba wai bai gane ba ne, ba wai yana jiran Inna ta faɗa ba ne. Kansa ya gaya masa tun tuni. Na ɗauki kwallar tufafinta da tabarmar sallarta na fita. Daga ranar ban sake kwana a gidan da aka haife ni ba. In kun taɓa mamakin dalilin da ya sa muke zuwa Argungu da safe mu juyo kafin magariba, to kun ji shi. Bayan 'yan shekaru ya mai da injin filin bayan gari da kansa, ba don kowa ba, sai don ya sayi babba wanda garken ba zai ɗauka ba. Ɓarayin da ya ji tsoro ba su taɓa zuwa ba.

'Ya'yansa ba su yi muku komai ba. Ku riƙe su, jininku ne, kada ku gaji faɗan da ba naku ba. Ni dai na daɗe ina jiran ranar da zan zauna da shi in faɗa masa abin da na haɗiye, in kuma roƙe shi ya tara dangi ya gaya musu gaskiya tun muna da rai. Na yi ta ɗagawa, yau gobe, har muka yi furfura. Da aka aiko cewa jikinsa ya yi tsanani sai na shirya na tafi. Na same shi a zaure an jingina shi da matashi, ya zama ɗan tsoho ƙarami. Na sa aka ba mu wuri. Na zauna a gabansa na fara tun daga garken awaki. Na faɗi ɗankwalin da ta ɗaure kunne da shi, na faɗi ranar da aka same ta a bayan ƙofa, na faɗi sallamar da ta yi masa a bakin zaure, na faɗi fankar. Ban ɗaga murya ba, ban zage shi ba. Yana kallon bakina yana gyaɗa kai, har na ji sanyi a raina, na ce yau dai ya saurara. Da na gama na jira amsarsa. Sai ya yi murmushi.

"Lahiya lau, Sanda. Ya ɗiya?"

Babban ɗansa da ke tsaye a bakin ƙofa ya matso ya ce, Baffa, ai ya daɗe ba ya ji ko kaɗan, likita ya ce injin ne ya cinye kunnen, sai dai a yi masa nuni da hannu. Na dubi hannuwana. Ban san yadda ake nuna irin wannan magana da hannu ba.

Na kama hannunsa na riƙe, na ce masa yara suna lafiya, suna gaishe shi. Wannan ma bai ji ba.